Shafin da Maigidana Bai Juya Ba

"Wai cikin su biyun nan, wa ya koya wa wani aiki?"

Wani baƙo ne ya yi tambayar, wanda ya zo karɓar kayan da kamfaninsu ya ba da a sassaƙa. Babban Injiniya yake yi wa tambayar. Ni ina tsaye bayan jan layin da aka shata a ƙofar ma'aikata, riƙe da kular abincin rana, kamar yadda na saba.

Injiniya ya ce, "Babban ne ya koya wa ƙaramin. Wa da ƙani ne."

Baƙon ya shafa ƙarfen da ke hannunsa, ya ce, "To lallai ƙaramin ya wuce malaminsa."

Maigidana yana kusa da su yana goge hannu da tsumma. Na ga tsumman ya tsaya cak. Ya zo ya karɓi kular bai ko dube ni ba, kuma da yamma ta dawo gida yadda na kai ta.

Maigidana ba mugun mutum ba ne. Shekararsa goma sha ɗaya yana aiki da injin sassaƙa ƙarfe, kuma duk ma'aikatar an san babu wanda ya kai shi iya ɗaure aiki a kan inji. Idan ya matse ƙarfe, ko giwa ta jingina da shi ba zai motsa ba. Yana da kyauta, yana da barkwanci. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya jin an yabi wani a kan sana'arsa. Idan kuwa wanda aka yaba ɗin na ƙasa da shi ne, sai abinci ya daina yi masa daɗi.

Wanda aka yaba ran nan shi ne ƙaninsa, Auta. Maigidana ne ya kai shi wajen aikin shekara biyar da suka wuce, shi ya nuna masa yadda ake riƙe ma'auni, kuma a ɗakin ƙofar gidanmu yake zaune. Ni nake wanke musu kayan aiki su biyu.

Matsalar ta fara ne da zuwan sabon inji. Tsohon injin da maigidana ya ƙware a kai, sama da ƙasa da gefe kawai yake tafiya. Sabon kuwa ta fuska biyar yake motsi. Yana karkata wuƙa, yana juya aikin, kamar mai aski yana juya kan wanda yake yi wa aski. Da shi ake sassaƙa abubuwa masu lanƙwasa. Abin da suke kira wuƙa bai yi kama da ta kicin ba. Wani siririn ƙarfe ne kamar alƙalami, mai zagayayyen kai, ana cusa shi cikin mariƙi, ya yi ta juyawa yana cin ƙarfe.

Injiniya ya ce mutum ɗaya zai damƙa wa sabon injin, kuma tsakanin wa da ƙani za a zaɓa. Kowannensu zai sassaƙa farfelar famfon ruwa guda ɗaya, mai fukafukai bakwai, sirara, lanƙwasassu. Auta ranar Litinin, maigidana ranar Alhamis.

Tun daga ranar gidanmu ya canza. Idan Auta ya ce, "Yaya, ina kwana," sai maigidana ya amsa da hanci. Idan Inna, mahaifiyarsu, ta bugo waya ta ce, "Ina autana mai kai?" sai ya miƙa mini wayar ya fita tsakar gida. Ba zan ɓoye ba, ni ma ban tsira ba. Matar maƙwabcinmu ta ce mini, "An ce ƙanin mijinki ne zai zama babba a wajen aikinsu?" Na yi murmushin yaƙe. Na ce a raina, yaron da mijina ya koya wa riƙe guduma? Ran nan da gangan na rage wa Auta nama a kwanonsa. Har yau ina jin kunyar wannan.

Wata ranar hutu da hantsi, ina shara a falo, Auta ya shigo yana fito.

"Matar Yaya, me ya sa kika daina yi mini dariya? Ko na ci miki wani abu ne?"

Na ce, "Ai ku manya ne yanzu. Wa zai yi wa manya dariya?"

Ya ce, "Kai, wane girma! Kunne kawai nake kasawa. Ba ni rular can in nuna miki duk sirrin."

Ya ɗora rular a bakin tebur, ya danne ta da tafin hannu, ya bar fiye da rabinta a waje. Ya taɓa bakinta da yatsa. Ta hau karkarwa tana ƙara. Sai ya janye ta ciki, ya bar ɗan kaɗan a waje, ya sake taɓawa. Ko motsi ba ta yi ba.

"Kin gani? Haka wuƙa take. Idan ta fito da tsawo daga mariƙi, tana cin ƙarfe tana rawa, sai jikin aikin ya fito da gurji-gurji kamar bayan kada. A tsohon inji dole a zaro ta da tsawo, don ta kai cikin lungu. A sabon kuwa ba sai an zaro ba. Karkata ta ake yi, gajeriya ta shiga inda doguwa take shiga."

Na ce, "Shi ke nan sirrin?"

"Saura ɗaya. Kowace wuƙa, da tsawon da aka bar mata, tana da gudun da take yin shiru a kansa. Muna da wata 'yar guduma mai waya. In na ƙwanƙwasa bakin wuƙar, kwamfuta ta nuna mini inda take rawa da inda take natsuwa. Wani lokaci ma ƙara gudu ake yi, ba ragewa ba. Amma in kin canza tsawon ko da kaɗan ne, lissafin ya tashi, sai an sake ƙwanƙwasawa."

Da ƙarfi yake maganar, yana kallon labulen ɗakinmu. A lokacin ban gane dalili ba. Sai ga maigidana ya ɗaga labulen.

"Yanzu kuma a falona za ka buɗe makaranta?"

Auta ya ce, "A'a Yaya, hira ce. Dama ina so in ce maka, in kana so ranar Laraba mu ƙwanƙwasa taka wuƙar tare. Minti goma ne."

"Ni za ka ƙwanƙwasa wa wuƙa? Lokacin da na fara cin ƙarfe kana ina? Kana fitsarin kwance!"

Auta ya yi dariyar yaƙe, ya ajiye rular, ya fita.

Ranar Litinin Auta ya sassaƙa tasa farfelar. Na gan ta da rana a kan teburin Injiniya. Fukafukanta sumul, har fitilar rufi tana bayyana a jikinsu. Ma'aikata suna zuwa suna shafawa. Wani dattijo mai walda ya ce, "Wannan ai sai a rataye ta a falo." Maigidana yana can gefe ya ba su baya, yana ta jera spanoni da suke a jere tun farko.

Auta yana da wani ɗan littafi mai baƙin bango, inda yake rubuta lambobin aikinsa. Ba ya rabuwa da shi. Har banɗaki na sha ganin ya shiga da shi a aljihu. Amma ranar Laraba da safe, da na ɗauko rigarsa ta aiki zan jiƙa, sai na ji abu mai tauri a aljihun gaba. Littafin ne. Auta ya riga ya fita. An naɗe kusurwar wani shafi, a samansa an rubuta "farfela" da manyan baƙaƙe.

Da na mayar da shi ɗakinsa, da shi ke nan. Amma sai ƙafata ta kai ni wurin maigidana, yana ɗaure takalmi. Na miƙa masa. Na san abin da nake yi.

Ya dubi littafin, ya dubi ƙofa. Ya ciro waya ya ɗauki hoton shafin. Sau biyu ya waiga, ko da yake daga ni sai shi a gidan. Ya tura mini littafin.

"Mayar inda kika gan shi. Maza."

Ina karɓa shafin ya ɗan buɗe, sai na hango bayansa. An zana wuƙa a cikin mariƙinta, da kibiya, da lamba, da wasu layuka na rubutu a ƙasa. Karatuna ba mai sauri ba ne, rubutun Auta kuma kamar tafiyar tururuwa. Amma zanen ya tuna mini da rular nan.

Na ce, "Maigida, akwai wani abu a bayan shafin. Kamar maganar tsawon..."

"Ke kuma me kika sani game da inji? Don an kaɗa miki rula sau ɗaya kin zama injiniya? Lambar gudu nake nema, na kuma samu."

Ni dama ba mai yawan magana ba ce, kuma in aka daka mini tsawa sau ɗaya, bakina ya mutu ke nan. Na kai littafin ɗakin Auta na ajiye a kan matashi.

Ranar Alhamis na isa da abinci da wuri. Na tarar ma'aikata sun taru a gaban sabon injin. Yana da ƙofar gilashi, ana ganin ciki. Maigidana ya riga ya rage ƙarfen, siffar farfela ta fito, saura gyaran ƙarshe na fukafukai, wanda shi ne mai wuyar. Ɗaurin da ya yi wa aikin kuwa, har Injiniya sai da ya durƙusa ya leƙa, ya gyaɗa kai.

Sai maigidana ya ɗauko wuƙar gamawa. Daga inda nake tsaye na ga tsawonta. Ya zaro ta sosai daga mariƙi, yadda ya saba yi shekara goma sha ɗaya a tsohon injinsa. Ta kusa ninka wadda na gani a zanen.

Auta ma ya gani. Ya matso a hankali ya ce, "Yaya, ba ta yi tsawo ba?"

"Koma gefe."

"Ko a ƙwanƙwasa ta tukuna?"

"Na ce ka koma gefe. Kai ka yi naka, wa ya sa maka baki?"

Maigidana ya dubi wayarsa a ɓoye, ya danna lambobin, ya rufe ƙofa, ya tayar da inji.

Da farko lafiya. Wuƙar ta bi saman fiffike na farko tana wani sauti mai laushi. Maigidana ya harɗe hannu, ya ɗan saci kallon Injiniya. Amma da ta gangara cikin lanƙwasar, inda fiffiken ya fi siranta, sai sautin ya canza. Ya koma wani kuka mai tsini, irin wanda ke sa haƙora tsami. Na ji shi har cikin kular da ke hannuna.

Dattijo mai walda ya ce, "Kai, tana kuka fa."

Auta ya ce, "Yaya, tsayar!"

Jan maɓallin tsayarwa yana dab da hannun maigidana. Kowa a wurin ya san abin da ya kamata: a tsaya, a gajarta wuƙa, a sake auna gudu. Ba abin kunya ba ne. An ce shi kansa Auta sau biyu ya tsayar ranar Litinin. Kuma na tabbata da wani ne ya ce a tsaya, ko da mai shara ne, da maigidana ya tsaya. Amma Auta ne ya faɗa, a gaban mutane.

Maimakon haka sai maigidana ya murɗa wani maɓalli ya rage tafiyar injin, yana fatan kukan ya lafa. Bai lafa ba. Ya ƙaru.

"Yaya, don Allah!"

"Ina sane da abin da nake yi!"

Sai muka ji tas! Wani abu ya daki gilashin daga ciki. Injiniya da kansa ya miƙa hannu ya danna jan maɓallin.

Da aka buɗe ƙofa, wuƙar ta karye biyu. Fiffike na farko duk ya yi gurji-gurji, kuma guntun wuƙar ya yage gefensa. Babu gyara. Farfelar ta tashi daga aiki.

Injiniya ya dubi allon injin ya daɗe. Sa'an nan ya ce, "Wannan gudun ba na wannan wuƙar ba ne. Na gajeriya ne. A ina ka samo shi?"

Maigidana ya sunkuyar da kai. Gumi yana bin wuyansa. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai Auta ya ce, "Ni na ba shi, ranka ya daɗe."

Kowa ya juya ya dube shi. Na ce a raina, Allah Sarki, ya yi ƙarya don ya rufa wa wansa asiri.

Injiniya ya girgiza kai. Ya juya ga maigidana, bai ɗaga murya ba. "Bari in gaya maka gaskiya. Tun kafin injin nan ya iso, kai na yi niyyar ba wa. Maganin karkarwa abu ne da za ka koya cikin sati guda. Irin ɗaurinka kuwa sai an shekara goma. Ko da taka ba ta kai tasa sheƙi ba, da kai zan zaɓa. Kuskuren tsawon wuƙa ma ba komai ba ne, kowa yana yi. Amma mutumin da inji zai yi masa kuka haka, ya ƙi tsayawa don kada a ce ƙaninsa ya fi shi, ba zan iya barin sa shi kaɗai da injin nan ba. Ka koma kan tsohon."

Aka damƙa wa Auta sabon injin. Ba wanda ya yi tafi. Shi ma bai yi murna ba.

Da yamma maigidana ya dawo ya zauna a tsakar gida bai cire takalmi ba. Na kawo masa ruwa. Ya ce, "Kin ga yadda ya yi? Wai shi ya ba ni. Don a ce shi ne mai kirki, ni ne ɓarawo." Har a wannan halin, kishin bai sake shi ba.

Bayan sati biyu Auta ya ce zai koma wani ɗaki kusa da ma'aikata. Ya ce wai don ya riƙa isa da wuri. Duk mun san ba shi ne dalili ba. Ranar da zai tashi, na shiga taya shi haɗa kaya. Ya fita neman mota, sai na ga littafin nan a kan akwati. Na zauna a bakin gado, na buɗe shafin da aka naɗe, na juya bayansa. Wannan karon babu mai daka mini tsawa. Na bi rubutun da yatsa, baƙi bayan baƙi.

Ga abin da aka rubuta a ƙarƙashin zanen:

"Yaya, lambobin nan na wuƙa mai tsawon milimita sittin ne kawai daga bakin mariƙi. Kada ka wuce haka. Ka karkata ta, za ta kai lungu. In ka ji kuka ka tsaya. Ɗaurinka ya fi nawa, taka za ta fi tawa kyau. Na san ba za ka tambaye ni ba, shi ya sa na bar shi a aljihu."

Na karanta sau uku. Ashe ba mantuwa ya yi ba. Ya san ni nake wanki. Ya san hannun da littafin zai faɗa. Kuma da ya ce wa Injiniya shi ya ba shi, ba ƙarya ya yi ba.

Ina zaune da littafin a cinya ya dawo. Ya dube ni, ya dubi shafin.

Ya ce, "Bai juya ba, ko?"

Na girgiza kai.

Ya yi ɗan murmushi. "Ba komai, matar Yaya. Amma naman da kika rage mini ran nan, ina sane."

Na so in yi dariya, sai hawaye suka riga ta fitowa.

Ya karɓi littafin ya sa a aljihu, ya ɗauki akwatinsa. Ɗakin ƙofar gida har yanzu a rufe yake. Inna ta sha tambayata abin da ya shiga tsakanin 'ya'yanta, ina ce mata aiki ne ya yi musu yawa. Maigidana yana nan kan tsohon injinsa. Ya rage fara'a, amma kwanan baya na gan shi shi kaɗai a falo, ya danne rula a bakin tebur, yana janye ta kaɗan-kaɗan yana saurare. Da ya ji motsina ya yi maza ya ajiye. Na yi kamar ban gani ba.

Na sha ɗaukar niyyar gaya masa abin da ke bayan shafin nan. Sai in tuna fuskarsa ranar Alhamis ɗin, in ga cewa idan ya ji daga bakina, kunyar za ta fi ƙarfinsa, ƙila ma ya ƙara nisa da ɗan'uwansa. Magana ce tsakanin wa da ƙani. Ranar da ya iya taka ƙafa ya je ya ce, "Auta, koya mini," zai ji ta daga bakin mai ita. Kafin nan na yanke shawara ba zan gaya wa kowa ba, ko shi, ko Inna, ko matar maƙwabci.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, hassada tana sa mutum ya saci rabin abin da aka yi niyyar ba shi dukansa. Maigidana bai rasa injin nan don rashin iya aiki ba. Ya rasa shi ne don ya kasa tambayar ƙaninsa, ya kasa juya shafi ɗaya, ya kuma kasa tsayawa lokacin da gaskiya ta fito daga bakin wanda yake kishi. Ni ma da na taya shi kishin, na kuma yi shiru a inda ya kamata in nace, ina da nawa kason. Duk wanda Allah ya ɗaukaka na ƙasa da shi a kan wani ilimi, ya daure ya je ya tambaya da rana tsaka, a gaban kowa. Kunyar tambaya ta minti goma ce. Abin da hassada ta karya kuwa, wani lokaci ba ya gyaruwa.